Wasiƙa ga Malaman Lissafi na Lafiya: A Shata Iyaka Kafin a Tara

Zuwa ga malaman lissafi na makarantun sakandaren Lafiya, jihar Nasarawa. 

Wannan wasiƙa ta shafi darasin aljebra guda, wato tara kasonni masu ɗauke da harafin x a ƙarƙashin layi, da kuma gano huruminsu. Abin da ake nufi da hurumi shi ne dukkan lambobin da ya halatta a saka a gurbin x ba tare da lambar ƙasa ta koma sifili ba, domin rabawa da sifili ba ta da amsa: duk lambar da aka ninka da sifili, sifili take bayarwa, saboda haka babu wadda za ta zama amsar 6 ÷ 0. Tun a shekarar 628 Brahmagupta na Indiya ya shimfiɗa dokokin sifili, amma wannan gaɓar ta gagare shi, don haka ɗalibin da ya yi tuntuɓe a nan ya cancanci haƙuri.

Ƙa'idar ita ce lamba ba ta shiga hurumin jimla sai kowane kaso ya karɓe ta. A 1/(x − 2) + 1/(x + 3), kaso na farko ya ƙi 2, na biyu ya ƙi −3, don haka duka biyun a waje suke. Inda ƙafa ta fi zamewa shi ne bayan sokewa: 1/(x − 2) + (x − 3)/(x − 2) na komawa (x − 2)/(x − 2), wato 1, sai ɗalibi ya ga layi ya ɓace ya ɗauka kowace lamba ta halatta, alhali 2 na nan a haramce, tunda tambayar asali ba ta taɓa karɓarta ba.

Maganin yana kan allo: malami ya saba wa ɗalibai da rubuta haramtattun lambobi a gefe tun alli bai taɓa tarawa ba, idan x² − 4 ne a ƙarƙashin layi su warware shi zuwa (x − 2)(x + 2) don −2 kada ta ɓuya, su kuma lura cewa x² + 1 ba ya taɓa zama sifili a lambobin da suke aiki da su.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da ya riƙe wannan ɗabi'a kafin WAEC da NECO, idan ya isa ajin kalkulas a Jami'ar Tarayya ta Lafiya, zai tarar cewa darasin farko a kan waɗannan haramtattun lambobin yake tsaye.