Ɗaki a kulle, ina mai laifi ya bi?

Ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, akwai wasu littattafan Turawa da muke ganin sun fi ƙarfin hira kawai. Su ne na binciken laifin da aka aikata cikin ɗaki kulle. Ƙofa da sakata ta ciki, taga da ƙarafa, ga mutum kwance cikin jini, mai laifi kuwa ko ƙyallinsa. To, ina ya bi?

A 1907 Gaston Leroux, ɗan Faransa, ya fitar da Le Mystère de la chambre jaune, wato sirrin ɗaki mai launin rawaya. An ji ihun wata mata cikin dare, aka ɓalle ƙofa, aka tarar da ita da rauni, ita kaɗai. Wani ɗan jarida mai shekara 18, Rouletabille, shi ya warware: tun da rana aka far mata, kafin a kulle ɗakin, ta ɓoye. Da dare mugun mafarki ya firgita ta, ta faɗi ta bugu. Mai laifin kuma jami'in ɗan sandan da ke binciken ne. Lokaci ne ya ruɗi kowa.

A 1929 Ronald Knox na Ingila ya jera wa marubuta dokoki 10. Ciki har da cewa ba a yarda a ɗora wa sihiri ko fatalwa laifi ba, kuma duk alamar da mai bincike ya gani, dole a nuna wa mai karatu. A 1935 John Dickson Carr, ɗan Amurka, ya keɓe babi guda cikin The Hollow Man don lissafa dabarun da ake yaudarar ido da su.

Wani zai ce tatsuniyar masu hutu ce. Mu ba mu yarda ba. Ranar da kuɗi suka ɓace a akwati mai kwaɗo, sai a ruga wurin boka, ko a kama yaron shago da duka, a ɓata masa suna har abada. Wa ya tsaya ya tambayi wa ke da makulli na biyu? Yaushe aka yi ƙirga na ƙarshe, gaban wa? Kuɗin ma sun shiga akwatin kuwa?

Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. A yi waɗannan tambayoyi tukuna, kafin a ɗaga hannu kan ɗan wani.