LAFIYA UWAR JIKI: Abin da Mutanen Indiya Suka Sani Game da Dogonyaro

 A wannan wata za mu yi magana a kan wani itace wanda kusan babu gidan da ba ya shan inuwarsa, watau dogonyaro. Waɗansu suna ce da shi darbejiya, waɗansu kuma maina.

Ga abin da ya jawo maganar. A zangon karatu da ya wuce, wani yaro ɗan aji huɗu a makarantarmu ya yi kwana tara bai zo ba. Da muka je gidansu sai aka ce mana yana asibiti, har an ƙara masa jini. Uwar ta gaya mana zazzaɓi ne ya kama shi, ta dafa ganyen dogonyaro ta yi ta ba shi kofi guda safe da yamma, tana kuma yi masa sirace, har kwana huɗu. A rana ta biyar ya fara jijjiga, sa'an nan aka ɗauke shi a guje. Mun gode Allah yaron ya tashi, ya kuma komo aji. Ba mu ga laifin uwar ba, gama abin da ta ga ana yi shi ta yi, mu ma haka aka yi mana muna yara. Amma abin ya tsaya mana a rai, har muka ga ya kamata mu bi sawun wannan itace zuwa garinsu, mu ji yadda masu shi suke aiki da shi.

Garinsu kuwa ba nan ba ne. Ran da muka tambayi 'yan ajinmu inda dogonyaro ya fito, dukansu suka ce ai namu ne tun kaka da kakanni. A gaskiya asalinsa ƙasar Indiya ne da maƙwabtanta. Turawan mulki ne suka kawo shi Afirka ta Yamma, a shekarar 1928 kuwa aka fara dasa shi a lardin Borno, saboda yana jure fari, yana kuma girma da sauri. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma wannan baƙo ya zo ya zauna. Sai dai itacen kaɗai aka kawo mana. Sanin da mutanen Indiya suka tara a kansa, wannan an baro shi a can.

ILIMIN DA AKE KIRA AYURBEDA

Mutanen Indiya suna da tsohon ilimin magani da suke kira Ayurbeda, ma'anarsa ilimin rayuwa. A rubuce yake cikin harshen Sanskirit. Manyan littattafansa biyu, na Charaka da na Sushruta, sun kai wajen shekara dubu biyu, dukansu kuwa sun ambaci dogonyaro. Sunansa a cikinsu nimba, daga nan aka sami sunan nim da Indiyawa suke kiransa da shi yau. Ilimin yana nan da ransa, ana koyar da shi a kwalejoji, a shekarar 2014 ma gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikata musamman domin kula da shi da sauran magungunan gargajiyarsu.

Bisa ga koyarwar Ayurbeda, abu uku ne suke riƙe da jikin mutum: bata, wanda suke dangantawa da iska, pitta, wanda suke dangantawa da zafi da matsarmama, da kafa, wanda suke dangantawa da majina da nauyin jiki. In ɗaya ya rinjayi sauran, sai ciwo ya tashi. Likitocin asibiti ba su bin wannan lissafi, amma sai mun san shi za mu gane yadda suke duban dogonyaro. A wurinsu shi magani ne mai ɗaci, mai sanyi, mai busarwa. Yana kwantar da zafi da majina, amma yana tayar da iska. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Sun kasa itacen kashi biyar, saiwa da ɓawo da ganye da fure da 'ya'ya, kowanne da aikinsa. Babban aikinsa a wurinsu shi ne ciwon fata. Sukan niƙa ɗanyen ganye tare da gangamau su shafa wa ƙazuwa da makero da ƙuraje. Sukan tafasa ganyen su wanke miki da ruwan, ko su yi wa mai ƙaiƙayi wanka. Man da ake matsewa daga ƙwayar 'ya'yan sukan shafa shi a kai domin kwarkwata. Littafin Sushruta, wanda ya fi ba da ƙarfi ga aikin fiɗa, ya koyar a turara ɗakin mai rauni da ganyen dogonyaro da ƙwayar mastad da gishiri da man shanu. Idan yaro ya kamu da ƙarambau, akan shimfiɗa masa ganyen ya kwanta a kai, a kuma riƙa shafa masa jiki da reshe mai laushi domin kada ya sosa. Ɗanyen tsinkensa kuwa shi ne asuwakin mutanen ƙauye tun dā.

Akwai kuma wanda ake sha. Sukan ba da shi domin tsutsar ciki, da waɗansu irin zazzaɓi, da ciwon yawan fitsari wanda ciwon sukari yake cikinsa. Har abinci yana shiga. A Bengal, sa'ad da itacen ya yi sabon toho, sukan soya ganyen da gauta su fara cin shinkafa da shi. A kudancin Indiya, ranar sabuwar shekararsu da ake kira Ugadi, wadda takan faɗo a watan Maris ko Afrilu, kowa yakan ɗanɗana furen dogonyaro haɗe da mazarƙwaila, domin a tuna cewa shekara tana zuwa da ɗaci da zaƙi tare.

SUNA AUNA SHI

To, ga wurin da muka rabu da su. Mai maganin Ayurbeda da ya san aikinsa ba ya cika tukunya da ganye ya ce a sha a ƙoshi. Da cokali yake auna ruwan ganye, man kuwa ɗigo-ɗigo ake ƙirga shi. Ba safai yake ba da dogonyaro shi kaɗai ba. Akwai wani sanannen haɗinsu da ake dafa itatuwa masu ɗaci guda biyar, har da dogonyaro, a cikin man shanu, domin maiƙon ya rage busarwar da ɗacin yake yi. Littafin Charaka da kansa ya yi kashedi cewa ɗaci in ya yi yawa yana shanye jiki, ya kawo rama da bushewar baki da rashin ƙarfi. Saboda haka sukan kiyaye shi daga ramammen mutum, da wanda ciwo ya riga ya kayar, da mace mai ciki. Mu kuwa a wurinmu, in magani ya fi ɗaci sai mu ce ya fi ƙarfi, mu ƙara wa mara lafiya kofi na biyu.

Ko a cikin Indiyawan ma, inda aka bar awo an ga ɓarna. A shekarar 1981 waɗansu likitoci biyu a ƙasar Malesiya, Sinniah da Baskaran, suka ba da rahoton yara 13 da aka ɗura wa man dogonyaro bisa ga al'adar gida. Cikin 'yan sa'o'i yaran suka kama amai, jiki ya saki, numfashi ya yi sauri, sa'an nan jijjiga ta biyo baya. An sami irin wannan a kudancin Indiya ma, akwai kuma yaran da suka rasa ransu. Ɗan cokali ɗaya ya isa ya taɓa hanta da ƙwaƙwalwar jariri.

ABIN DA BINCIKE YA TABBATAR

Kada wani ya ce muna rena itacen. Masana sun duba shi sun tarar tsofaffin Indiya ba tatsuniya suke yi ba. A shekarar 1942 wani masani mai suna Salimuzzaman Siddiqui ya fitar da sinadarai masu ɗaci daga man dogonyaro, ɗaya ya sa masa suna nimbin. A 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan sa'ad da fara ta sauka. Ya lura ta cinye kowane ganye ta bar na dogonyaro. A 1968 masana a Ingila suka ware sinadarin da yake yin wannan aiki, ana ce da shi azadiraktin. Yana hana ƙwari ci, yana kuma hana su girma. Ashe manomin Indiya da yake zuba busasshen ganye cikin hatsinsa da tufafinsa ya san abin da yake yi. Darajar sanin ta kai har aka yi shari'a a kansa. A 1994 ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W. R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka haƙƙin mallakar wata hanyar kashe cutar shuka da man dogonyaro. Indiyawa suka ƙi yarda, suka kawo shaida cewa tun dā ana yin haka a ƙasarsu. Aka soke haƙƙin a shekarar 2000, aka kuma tabbatar da sokewar a 2005.

Wajen jikin mutum, ƙananan gwaje-gwaje sun nuna yana taimakon haƙori da dasashi, yana kuma kashe kwarkwata. Amma akwai inda ƙarfinsa ya tsaya. Indiya tana da dogonyaro shekaru dubbai, duk da haka agana ta yi ta kashe mutanenta har sai da aka bi gida-gida ana lamba, sa'an nan aka ga mai agana na ƙarshe a ƙasar a 1975. Kuturta ma, wadda littattafansu suka sa cikin aikin dogonyaro, ƙwayoyin asibiti ne suke warkar da ita yau, kyauta kuma ake ba da su. Zazzaɓin cizon sauro fa? A cikin kwalbar gwaji an ga wani sinadarin itacen yana taɓa ƙwayar cutar, amma ba a tabbatar ruwan dafaffen ganye yana kawar da ita daga jinin mutum ba. Shi wannan zazzaɓi halinsa ne ya sauka ya sake tashi. Uwa takan ga zafi ya sauka ta ce magani ya ci, alhali cutar tana can tana cinye jinin yaron. Abin da ya sami ɗan ajinmu ke nan.

SHAWARARMU GA IYAYE

Na ɗaya, a ci moriyarsa a bayan jiki. A yi asuwaki da shi, a yi wa mai ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje wanka da ruwan ganyen bayan ya huce. In fata ta yi ja ko ta ƙara zafi, a daina. Miki mai zurfi ko wanda ya ƙi warkewa, a kai shi asibiti.

Na biyu, kada a ba yaro man dogonyaro ya sha, ko ɗigo ɗaya. In akwai shi a gida domin feshin gona, a ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa, kamar yadda muke yi da kananzir.

Na uku, mace mai ciki, da mai shayarwa, da ma'auratan da suke neman haihuwa, su bar shansa. An gwada man a kan dabbobi an ga yana hana ɗaukar ciki, yana kuma jawo ɓari.

Na huɗu, mai ciwon sukari da yake shan maganin asibiti kada ya haɗa da dogonyaro sai ya gaya wa likita, gama su biyun suna iya saukar da sukarin fiye da kima.

Na biyar, wanda ya fi duka, yaro in ya yi zazzaɓi a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a kwana. Gwajin bai fi minti ashirin ba. In zazzaɓin cizon sauro ne, maganin na kwana uku ne, a kuma tabbata ya shanye duka ko da ya ji sauƙi tun rana ta farko. Da dare kowa ya shiga gidan sauro, gama rigakafi ya fi magani.

Na shida, a shanya ganyen a inuwa a zuba cikin rumbu da buhunan wake, a kuma dasa ko guda biyu a ƙofar gida da damina mai zuwa. A kwarin Majiya a Jamhuriyar Nijar, tun 1975 aka fara jera shi layi-layi a gonaki domin ya tare iska, manoma kuwa sun ga amfanin haka a gerensu.

Uwar yaron nan ta zo makaranta ranar da aka ba da sakamako. Ta ce mana har yanzu tana dafa ganyen, amma na wanka ne kaɗai, ta kuma gaya wa matan unguwarsu abin da ya same ta. Muna roƙon kowane mai karatu ya yi kamar yadda ta yi, ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan shafi. Allah ya ba mu lafiya, mu da 'ya'yanmu. Sai wata mai zuwa.