Aljani Ba Ya Ɗaura Aure

Maganarmu ta wannan karo a kan wani tsohon labari take, wanda galibinmu mun ji shi tun muna ƙanana, watau labarin Kamaruzzaman da gimbiya Budur. Asalinsa daga Dare Dubu da Ɗaya yake. Malam Abubakar Imam kuma ya juya shi ya sa a cikin Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937. Faransawa ma sun san shi, gama Antoine Galland ya fassara waɗannan hikayoyi da harshensu daga 1704 zuwa 1717. Tsohon rubutun Larabci da ya yi aiki da shi yana nan ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasa a Faris, ƙarshensa kuwa ya yanke ne a tsakiyar wannan labari.

Mun ga 'ya'yanmu, musamman 'yan mata, sun dukufa ga karatun littattafan soyayyar aljani da mutum, waɗansu da Faransanci, waɗansu da Hausa a cikin waya, littafi na ɗaya, na biyu, har na goma. Iyaye da yawa hankalinsu ya tashi. Mu dai ra'ayinmu shi ne kada a ƙwace, kada a ƙone. A ɗauko tsohon labarin a sake karanta shi tare da su, don abin da ke cikinsa ya fi kama mu manya.

Ga yadda yake a asalin Larabci. Sarki ya matsa wa ɗansa Kamaruzzaman ya yi aure, yaro ya ƙi, aka kulle shi a wani tsohon soro. Can ƙasar Sin kuma Budur, 'yar Sarki Gayur, ta ƙi kowane mai nema, ita ma aka tsare ta. Da dare aljana Maimuna ta ga yaron, aljani Dahnash ya ga yarinyar, suka yi gardama a kan wanda ya fi kyau. Don a raba musu sai suka ɗauko Budur tana barci suka ajiye ta kusa da shi. Aka farkar da su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗauki zoben ɗan'uwansa, kafin asuba aka mai da ta gida.

To, a lura. Aikin aljanu a nan na dare ɗaya ne, don musu kuma suka yi shi, ba don tausayin kowa ba. Da suka gama suka tafi abinsu. Abin da suka bari shi ne yaro ya kwanta ciwo, yarinya aka ce ta haukace aka sa mata mari. Ubanta ya yi shela, wanda ya warkar da ita ya aure ta, wanda ya kasa a sare kansa. Masu duba da masu magani suka yi ta zuwa, kawuna suka yi ta faɗuwa, ba ta warke ba. Wanda ya warware al'amarin Marzawan ne, ɗan'uwanta na shan nono. Ya zauna ya saurare ta, ya gaskata ta, sa'an nan ya ɗauki sandarsa ya bi gari gari har ya sami yaron. Maganin Budur ashe kunne ne da tafiyar ƙafa.

Abin da ya sa muka kawo wannan magana abu biyu ne, duka kuwa suna cikin gidajenmu.

Na fari, masu kati. Duk wanda ya bi ta Barbès ko Château Rouge, ko ta Guillotière a Liyon, ya san 'yan takardun nan da ake miƙa wa mutane, na masu cewa za su komo maka da masoyi cikin kwana kaɗan, ko su raba mace da namijin dare. Yarinya ta kai shekara talatin ba ta yi aure ba, sai a ce aljani ya aure ta, uwa ta kwashi kuɗin da ta tara da gumin shara da wanke-wanke ta kai. Ba wanda ya tambayi yarinyar ko akwai wanda take so tana tsoron faɗa, ko kuwa baƙin ciki ne ke damunta wanda likita zai iya dubawa. Ba mu musun akwai aljanu, Alƙur'ani ya ambace su. Amma wanda ke karɓar yuro a bakin tashar metro ba shi da mabuɗin zuciyar kowa.

Na biyu, kalmar ƙaddara. Mukan ce matar mutum kabarinsa, gaskiya ne, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Sai dai waɗansunmu sukan zaɓa wa yarinya miji a Maradi ko Zinder ko Kano, wanda ba ta taɓa gani ba, a kai ta hutun damina a ɗaura, in ta yi kuka a ce ƙaddararta ce. Wa ya nuna mana Lauhul Mahfuz? A cikin labarin, sarakunan nan biyu da suka tilasta ba abin da suka samu sai ɗa majinyaci da 'ya a cikin mari. Ya zo cikin Buhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren Hansa'u 'yar Hizamu da ubanta ya ɗaura ba da sonta ba. Dokar ƙasar da muke zaune ma ta ce ba aure sai da yarda, tun 2006 kuma mace da namiji duka sai sun cika shekara 18.

Wani zai ce ai littattafan nan su ke lalata yara, suna sa su jiran wani masoyi da aka rubuta musu tun fil azal. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Yarinyar da ta saba da jarumi mai fuffuke, saurayi mai aikin gadi a Saint-Denis zai yi mata ƙanƙanta. Amma hani ba ya kashe sha'awa, ɓoye ta kawai yake sa a yi. Uwar da ta karanta tare da 'yarta ita ce za ta iya tambayarta, a cikin labarin nan wa ya yi wahala, wa kuma ya tsaya kallo?

Saboda haka muna roƙon kowane gida, daga Porte de la Chapelle har Liyon, a nemi Magana Jari Ce a riƙa karanta shafi biyu ko uku bayan sallar isha'i. Yara za su ƙaru da Hausa, wadda ta fara kuɓuce musu. Mu kuma mu koyi halin Marzawan, mu saurari 'ya'yanmu tun ba su kai kukansu waje ba.

Allah ya haɗa kowa da rabonsa na alheri, ya raba mu da aikin da-na-sani, amin.