Kafin a miƙa wa Malam hatimi

Makon jiya ɗan ƙanena da ke aikin gadi a wata babbar makaranta ya same ni nan Wonaka da takarda a aljihu, ta sha ninki har ta fara yagewa. Takardar tuhuma ce da Turanci, an ba shi awa 24 ya faɗi dalilin da ya hana shi zuwa aiki kwana biyu. Dalilin kuwa ba wanda bai sani ba a garin nan: ya zo ganin iyalinsa, aka wayi gari ba direba ko ɗan acaɓa da zai yarda ya bi hanya. "Baba, ni ko karanta ta ban iya ba," in ji shi. Na karanta masa, na rubuta amsa, na kuma kwana ina tunanin wanda ya sa wa takardar hannu.

Ban ɗauke shi mugu ba. Na fi zaton ba a taɓa zaunar da shi an koya masa riƙon mutane ba.

A jami'o'inmu, mutum zai shafe shekara goma ko fiye yana neman digirin digirgir a fannin lissafi ko kimiyyar sinadarai. Rana ɗaya sai takarda ta fito an naɗa shi shugaban sashe. A ba shi hatimi da makullin ofis, ga sakatare, ga masinja, ga mai shara, ga malamai da cikinsu akwai wanda ya girme shi, wataƙila ma ya koyar da shi. Yadda ake raba darussa ba tare da an ce ya yi son kai ba, yadda ake ba da hutun shekara ko na haihuwa, yadda ake ja wa babba kunne ba a tozarta shi ba, duk sai dai ya lalubo a duhu. Abin da yakan yi shi ne ya buɗe tsohon fayil, ya kwafi wasiƙar wanda ya gada, ya sauya suna da kwanan wata. Haka abin yake ga shugaban masu gadi da na direbobi, sai ma abin da ya yi gaba.

A tsofaffin jami'o'i da sauƙi. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take, ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tun 1975, a ofishin magatakarda ba ka rasa dattijon da ya ga jiya ya ga yau, wanda zai ce maka, "Ranka ya daɗe, ba haka ake yi ba." Namu kuwa yara ne. Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013 aka kafa ta, ta jiha da ke Talatar Mafara a 2018. Sabuwar jami'a ba ta da farfesoshin da za su ishe ta, don haka riƙon sashe yakan faɗa hannun matashin malami tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba.

Ga kuma yanayin da muke ciki. Shugaban sashe a Gusau yana da ma'aikatan da iyalansu ke Tsafe, ko Bunguɗu, ko Mada, ko nan Wonaka. Bayan da 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, akasari mata, daga gidajen haya na Sabon Gida a watan Satumban 2023, ba shugaban jami'a kaɗai iyaye suka riƙa nema ba. Duk malamin da suke da lambarsa shi suke kira. Wa ya koya wa wannan malami abin da zai ce wa uwar da ke kuka a waya? Wa ya nuna masa bambancin ma'aikacin da ya yi fashi don lalaci da wanda ke yawon haɗa kuɗin fansar ɗan'uwansa?

Abin haushi, ba baƙon ilimi ba ne a Arewa. Makarantar Kongo da ke Zariya ta faro ne a 1947 don horar da akawuna, daga baya ta zama cibiyar koyar da aikin mulki, ta yaye ma'aikatan En'e bila adadin. A 1973 aka kafa ASCON, kwalejin horar da manyan ma'aikata da ke Badagiri. Yau asusun TETFund na tura malamai ƙaro digiri, madalla, amma digirin ba ya koya wa mutum cike fom ɗin auna ƙwazo na shekara, wanda ƙarin girman talakan ma'aikaci ya rataya a kansa. Shi ya sa fom ɗin yakan zama ɗayan biyu: ko kowa ya ci maki mai kyau don a zauna lafiya, ko ya zama sandar ramuwar gayya.

Kada a ce mini ai ana bita. Na san irin bitar: otal a Abuja ko Kaduna, jaka mai tambari, hoto, alawus, a dawo. Sau da yawa ma wanda ya je ba shi ne ke fama da masinja da mai shara ba.

Abin da nake nema bai kai kuɗin otal ba. Ofishin magatakarda ya ware kwana uku a cikin gida, duk wanda za a naɗa shugaban sashe ko na wani ɓangare ya zauna kafin hatimi ya shiga hannunsa. A karanta dokokin aiki tare, a kawo misalan rigingimun da suka taɓa faruwa ba tare da kama suna ba, a gayyato tsohon magatakarda da ya yi ritaya ya ba da labari. Sannan a ajiye jami'i guda wanda shugaban sashe zai tuntuɓa kafin ya rubuta wa kowa tuhuma, kuma ƙaramin ma'aikaci a fassara masa takardarsa da Hausa. Ƙungiyoyin SSANU da NASU na ma'aikatan da ba malamai ba, da suka iya ɗaga murya kan alawus, su sa wannan ma cikin buƙatunsu, tunda 'ya'yansu ne ke kwana a ciki.

Ɗan ƙanen nawa ya kai amsa ranar Litinin. Ya ce da shugaban nasu ya karanta sai ya yi shiru, sannan ya tambaye shi ina ne Wonaka.