Mu nemi ƙwan tun tsutsa ba ta fito ba

Ƴan'uwa manoman rani na Malbaza, Dogarawa da Galmi, yau maganarmu a kan tumatir take. Kowa ya san baƙin cikin mai lambu ran da ya tsinko tumatir ya tarar da huji. Nan da nan sai mu ruga kasuwa sayen maganin feshi. A ganinmu, a lokacin nan mun riga mun makara.

Tsutsar da ƴan'uwanmu na Nijeriya ke kira sharon, masana kuma Tuta absoluta, asalinta Amurka ta Kudu ne. An gan ta a Nijar a 2013. A 2016 ta cinye lambunan Kano da Kaduna, har tumatir ya gagari talaka.

Uwarta wata ƴar faɗa-wuta ce mai launin toka. Da rana tana ɓoye cikin ganye, da dare take yawo. Mace guda tana iya zuba ƙwai har 260, galibi ɗaya-ɗaya a bayan ganye masu taushi da kan kara. Ƙwan bai kai rabin milimita ba, fari ne mai ɗan rawaya. Cikin kwana 4 zuwa 6 yake ƙyanƙyashewa. Tsutsar sai ta kutsa cikin ganye, daga baya cikin ɗan tumatir, inda magani ba ya isa gare ta sosai. Cikin wata guda ita ma ta zama uwa.

Ke nan feshi barkatai asarar kuɗi ce. Yana kashe ƙwarin da ke cinye ƙwan, yana cutar da mai feshi da mai cin miya.

Ga shawararmu. Mu riƙa juya ganye muna dubawa sau 2 a mako, tun daga wurin renon iri. Mu tsinke ganyen da ke da farin tabo, mu binne shi. Mu fesa ruwan ƴaƴan bedi da marece, tun ɓarna ba ta yi nisa ba. Mu tambayi malamin gona game da tarkon da ke kama mazan. Bayan girbi mu tuge tsofaffin karare mu ƙone, kada mu maye gurbinsu da yalo ko dankalin turawa, domin su ma tana cin su.

Faɗa-wuta ba ta san iyakar lambu ba. In mutum guda ya yi sakaci, fadama duka ta shiga uku. Saboda haka mu zauna a ƙungiyoyinmu, mu sa ranar dubawa da ranar shara tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.