CINIKIN GIDA BA YA ƘAREWA A ZAUREN DAGACI

Tun da rashin tsaro ya tayar da ƙauyuka da dama a ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda, garuruwan bakin hanya irin su Kasuwar Daji suka cika da masu neman matsuguni. Wanda ya tsira da 'yan dabbobinsa yakan sayar da su ya sayi gida, ma'aikaci kuma yakan zuba kuɗinsa na sallama. Galibi cinikin yakan ƙare ne a gaban dagaci ko mai unguwa: a kira shaidu, a ƙirga kuɗi, dillali ya karɓi la'adarsa, a rubuta takarda, a yi fatiha a watse. A ganin mai saye magana ta ƙare. A wurin doka kuwa da sauran aiki.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, kuma tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariya, ta ɗora dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Abin da mai gida ya mallaka shi ne gininsa da kuma haƙƙin zama a filin. Sashe na 22 ya hana wanda yake riƙe da irin haƙƙin da gwamna ke bayarwa ya sayar ko ya jinginar sai da yardar gwamna. Sashe na 21 ya ce haƙƙin zama na gargajiya, wato na filayen da ba a ayyana su cikin birni ba, sai da amincewar ƙaramar hukuma. Sashe na 26 kuwa ya ɗauki cinikin da ya saɓa wa dokar tamkar ba a yi shi ba. A 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta yanke cewa sharaɗin yardar gwamna ya hau har kan wanda ya riƙe filinsa na birni tun kafin a kafa dokar.

Wannan ba ya nufin takardar dagaci banza ce. Tana nuna an biya kuɗi, tana kuma riƙe da sunayen shaidu, abin da addinin Musulunci ma ya yi umarni da shi a cikin ciniki. Amma ba ita ce shaidar mallaka ba. Banki ba ya karɓar ta jingina, kuma ranar da hanya ta bi ta kan gida, mai riƙe da ita zai sha wuya kafin ya kai ga diyya.

Babban ramin da masu saye suka fi faɗawa shi ne gidan gado. Sau da yawa babban wa yakan sayar da gidan da ba a raba ba, alhali akwai 'yan'uwa mata a gidajen aure, ko ƙanen da ya tafi neman kuɗi Legas, ko marayun da ba su balaga ba. Babu mai ikon sayar da rabon wani. Ko da rabonsa kaɗai ya sayar, mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Zamfara ke aiki da ita, ta ba abokan tarayyarsa haƙƙin shufa'a, wato su mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓe rabon. Mutumin da ya riga ya rasa gonarsa a ƙauye, idan ya sake rasa gida a gaban alƙali, ina zai nufa? Saboda haka wajibi ne mai saye ya nemi ganin takardar rabon gado daga kotu, ya tabbata kowane magaji ya sa hannu, tun kafin kobo ya fita daga aljihunsa.

Bayan wannan sai bincike a ofishin ƙasa don a san ko gidan yana jingine, sai awon safiyo, sai yarjejeniya a rubuce, sai neman yarda, da biyan kuɗin kan sarki, da yin rajista.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa talaka laifin duka. Ba taurin kai ne ke hana shi bin doka ba. Nisa ne da tsada da yawan je-ka-ka-dawo. Zamfara ta samu jiha tun 1996, tana kuma da hukumar ZAGIS mai adana bayanan filaye, amma amfanin hukuma yana ga wanda ya iya isa gare ta. Ya kamata a riƙa tura ma'aikatan ƙasa Kasuwar Daji ranar da kasuwa ke ci, a liƙa jerin kuɗaɗen da doka ta yanka cikin Hausa a ƙofar sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, a kuma umarci hakimai da dagatai kada su sa hatimi a kan cinikin gidan gado sai sun ga takardar alƙali.