"Ba Ni da Abin Ɓoyewa": Uzurin da Bai Dace da Musulmi Ba

  

Ya ku 'yan'uwana matasa, akwai wata magana da na gaji da jin ta. Duk sa'ad da aka ce mu sake duba inda muke kafa zaurukan hirarmu a intanet, sai wani ya yi farat ya ce shi ba shi da abin ɓoyewa. To malam, wa ya ce maka sirrin da ke cikin zauren naka ne kai kaɗai? A nan wata 'yar'uwa ta tambayi hukuncin sakin da aka yi mata, a nan wani ya faɗi bashin da ya hana shi barci. Hadisi ya nuna cewa ko waiwayen da mai magana ya yi don gudun kada wani ya ji, ya isa ya mayar da zancensa amana. Kai kuma ka yi kyauta da ita.

Allah Ya hana leƙen asirin juna a Suratul Hujurat, aya ta 12. Wanda ya yarda cewa leƙe haramun ne, ina dalilinsa na barin taga a buɗe?

Wanda yake ganin tsoro ne kawai, ya tuna watan Nuwamba na 2020, lokacin da 'yan jaridar Motherboard suka bayyana cewa bayanan wuraren da masu amfani da Muslim Pro suke suna zuwa ga kamfanin X-Mode, wanda cikin masu saye a hannunsa har da 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta sayar wa soja, suka kuma yanke hulɗa da X-Mode. Manhajar lokutan salla ce fa, ba ta caca ba.

A yi adalci: tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙonni yadda sai mai aikawa da mai karɓa ne ke iya karantawa. Sai dai kamfanin ya san lambarka, ya san zaurukan da kake ciki da waɗanda kuke tare. Telegram kuwa, wanda da yawanmu ke zaton ya fi tsaro, zaurukansa ba su da irin wannan kullewar sam. Signal ya fi su duka ta wannan fuska, amma shi ma gida ɗaya ne mai ƙofa ɗaya. Ranar 4 ga Oktoba 2021 ƙofar Facebook ta rufe na kusan awa 6, WhatsApp ya tafi tare da ita, kowa ya yi zuru.

Alhali mafita ta daɗe da samuwa. Jeremie Miller ya fitar da Jabber tun 1999, wanda yau ake kira XMPP, sannan Matrix ya biyo baya a 2014. Tsarinsu kamar na imel ne: kowace makaranta ko ƙungiya tana iya kafa uwar garkenta, amma mutanenta su yi hira da na ko'ina. Lambobin da aka gina su da su a buɗe suke, masana na iya bincikawa. Mai kwamfutar Linux, wanda WhatsApp bai taɓa yi wa manhajar tebur ba, yana da Gajim da Dino ta ɓangaren XMPP, da Element da Nheko da NeoChat ta ɓangaren Matrix. A Matrix, kowace uwar garke da ke da mutum a zaure tana riƙe da kwafinsa, don haka faɗuwar ɗaya ba ta kashe majalisin.

Za a ce ai masu laifi ne ke neman irin wannan. Gwamnatin Faransa ta gina Tchap a kan Matrix don ma'aikatanta a 2019, rundunar sojan Jamus ma ta yi nata. Sun san darajar asirinsu ne. Mai sa labule a ƙofar gidansa ba ɓarawo ba ne, kuma wanda ya kulle zaure don saɓo, mala'iku ba sa neman kalmar sirri.

Ba zan yaudare ku ba, abin da wahala. Sai an samu mai kula da uwar garken, shi ma yana iya ganin wa ke magana da wa, don haka a zaɓe shi kamar yadda ake zaɓen ma'ajin masallaci. Wanda ya ɓatar da mabuɗinsa na iya rasa tsoffin saƙonninsa. Babu kuma manhajar da za ta hana annamimin cikin zaure ɗaukar hoton hira ya yaɗa. Amma abin da ke ba ni takaici shi ne ɗalibanmu na kimiyyar kwamfuta, waɗanda za su kwana suna gardamar Ubuntu ko Fedora, an rasa mutum biyu cikinsu da za su kafa wa halƙar karatunsu uwar garke guda.